Alif a Ruwan Murjani

A filin jirgi aka raba ni da fasfona, tun ban gama gyara zaman hulata ba. Wani siririn mutum riƙe da kwali mai sunayenmu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓa, wai za a buga hatimi. Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Ban sake ganin littafin nan ba sai bayan shekara biyu da wata huɗu.

Sunana Sahabi, mutumin Wurno ne ni, kuma ban ruwa ne sana'ata. Shekara goma sha ɗaya na yi ina buɗe ƙofofin magudana ina rufewa a fadamar shinkafa, duk lokacin da aka sako ruwa daga madatsar Goronyo. Ina iya duban ruwa in faɗi ko an yi sama a gabas, in ɗanɗana shi in faɗi ko zai bar kanwa a gona. Da wannan alfahari dillalin da ya yi mini hanya ya kama ni. Ya ce wani attajiri a ƙasar Larabawa yana neman wanda zai shugabanci masu ban ruwa a gonarsa. Ni kuwa da na ji kalmar shugaba, ban ƙara tambayar komai ba.

Zango na farko wani ɗaki ne a bayan gari, mu goma sha huɗu a ciki, babu mai jin yaren wani. Kwana goma sha tara muna cin burodi da shayi muna kallon juna. Zango na biyu gonar dabino ce, tafiyar awa biyu daga birni. A can na ga shugabancin da aka yi mini alkawari: bututun roba ne shimfiɗe gindin kowace bishiya, wani agogo a jikin bango yana buɗe su yana rufewa shi kaɗai. Agogon ba ya neman shugaba. Aka ba ni baro da shebur, na yi wata bakwai ina kwashe kashin tumaki.

Wata rana aka ce in je babban gidan da ke tsakiyar gonar in wanke tayoyin mota. Ina wanki ina zage-zagena da Hausa, tunda babu mai ji, sai wata murya ta fito daga cikin garejin.

"Kai, wa kaka zagi haka da hantsi?"

Sosai na zabura, tiyo ya kuɓuce mini. Wani dattijo ne baƙi, mai furfura, sanye da farar jallabiya.

"Baba, Hausa kaka ji?"

"Ji? Ni da anka haihwa Rabah, bayan kasuwa. Kai ɗan ina na?"

"Wurno."

"Ash sha, ɗan shinkahwa na. Aje tiyon ga, zo ka sha shayi."

Ban ji kunya ba, kuka na yi. Shi ne Baba Ummaru, direban gidan. Shi ya gaya wa maigidan, wanda kowa ke kira Mudir, cewa akwai wani a cikin masu kwashe taki da ya san ruwa. Yana ganin taimakona ya yi, kuma taimakon ne.

Da aka shigar da ni falon Mudir, na tsaya turus. Bango guda cur akwatin gilashi ne, tsawonsa taku shida, cike da ruwan teku a tsakiyar sahara. Kifaye masu launin da ban taɓa gani ko a zanin mata ba suna kai da kawowa. Amma ba su ne abin son Mudir ba. Abin sonsa duwatsun da ke ciki ne, masu rassa, kore da ja da shuɗi. Baba Ummaru ya ce murjani ke nan. Ni iyakar sanina murjani abin wuya ne, ashe halitta ce mai rai, tana ci, tana buɗewa, tana jin haushi, kuma ta fi jariri saurin mutuwa.

Aikina shi ne ruwansu. Ruwan gidan daga rijiyar burtsatse yake fitowa, mai nauyi, sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Sai ya bi ta wani dogon inji mai cin buhunan gishiri, ya fito da laushi, da shi ake wanka da wanki. Daga nan wani siririn bututu ke ɗaukar kaɗan zuwa wata na'ura a ƙarƙashin bene, mai kwalabe huɗu a jere. Ta farko tana tare ƙasa, ta biyu gawayi ne a ciki, ta uku wani tantani ne a naɗe, ta huɗu cike da 'yan ƙwayoyi shuɗɗa kamar gero. Ruwan yana fitowa ɗis-ɗis cikin duro. Kafin ta ba da bokiti ɗaya, ta zubar da uku a lambu. Akwai kuma wata mita kamar biro da ake tsomawa, dole ta nuna sifili kafin ɗigo ya shiga akwatin.

Abin ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Na ga an fasa wa mutum kai a Wurno kan ruwan awa ɗaya, ga shi nan ana zubar da bokiti uku don a shayar da dutse. Abu guda na gane ba tare da an yi mini bayani ba: ruwan akwatin yana raguwa kullum da kaurin yatsa, kuma da ruwa marar gishiri ake cikawa, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Duk wanda ya ga farar kanwa ta fito a gonar rani ya san wannan. Mudir ya ji daɗin yadda na kama da wuri, na yi fiye da shekara ɗaya da rabi babu abin da ya mutu a hannuna.

Sai yayana Garba ya kira ni. Gonar da mahaifinmu ya bar mini a bakin babbar magudana, shi ke noma ta tare da tasa, ga shi ƙafarsa ta lalace.

"Sahabi, ba ni iyawa bana. In ba ka zo ba kahin a sako ruwa, sai in ba Kawu Mamman aro."

"Yaya, ka san abin da anka ba Kawu aro ba shi dawowa."

"Na sani. Mi za ni yi? In bar ta ta yi ciyawa ƙungiyar manoma ta ba wani bare? Wata guda ya rage, ko da 'yan kwanakki."

Washegari na roƙi Baba Ummaru ya yi mini tafinta wajen Mudir. Muka sami Mudir yana shirin tafiya ta sati uku. Ya saurare ni yana kallon kifayensa, sannan ya ce in ya dawo ya tarar da akwatin yadda ya bar shi, zai ba ni fasfona da tikiti. Na fito kamar in yi rawa. Baba Ummaru bai yi murmushi ba. Ya ce wanda na gada a aikin, murjani uku ne suka mutu a hannunsa, Mudir ya kai rahoton cewa ya gudu daga aiki, aka kama shi a cikin gidan, ya yi watanni a tsare kafin a kore shi.

"Ka riƙe abin ga da kyau, ɗana," in ji shi.

Kwana huɗu da tafiyar Mudir, famfon rijiya ya ƙone. Masu gyara suka sa sabo, suka zura shi ƙasa fiye da da. Ruwa ya dawo, amma ja-ja, da laka. Kafin la'asar na'urar ƙarƙashin bene ta daina ɗiga. Na buga wa mutumin da ke duba ta, ya ce gobe in Allah ya so. Gobe ta yi, ya ce gobe. Ruwan ajiya na duro ya ƙare a kwana biyu. A na uku ruwan akwatin ya sauka har injin da ke juya shi ya fara zuƙar iska yana kuka.

Na tsaya gaban famfon da ke fitowa daga injin gishiri ina tunani. Ruwa ne mai laushi, ya riga ya bi ta gishiri, kifin kuma na ruwan gishiri ne. Abin da ke damun ruwan kawai gurɓata ce. Gurɓataccen ruwa kuwa ba baƙona ba ne. Tun ina yaro nake ganin Inna tana ɗebo jan ruwan gulbi, ta juya ɗan alif a cikin randa, kafin ta gama shara ya kwanta garau. Baba Ummaru yana da dunƙulen alif da yake gogawa bayan aski. Na cika duro, na juya shi a ciki sau bakwai, na jira, na tace da sabon farin ƙyalle. Ruwa ya fito tas, kana ganin ƙasan duro.

"Mita hwa?" in ji Baba Ummaru.

Na tsoma ta. Lambar da ta nuna ta haura ɗari huɗu. Na girgiza ta na sake tsomawa, ba ta canja ba. Na kurɓi ruwan na juya shi a baki.

"Baba, mitag ga ba ta taɓa shan ruwa ba. Harshena shekara goma sha ɗaya shina wanga aiki. Ruwan ga lahiya lau shike."

"To, kai ka sani."

Kwana uku ina zubawa. Safiya ta huɗu na shiga falo na tarar da ɓarna. Murjanin duk sun rufe, sun ƙanƙance, wasu suna fitar da wani abu kamar majina. Wata ƙasa-ƙasar dauɗa ta lulluɓe gilashin. Kifaye sun taru a sama suna haki. Babban kore mai rassa, wanda Mudir ke fara nuna wa baƙi, reshensa ɗaya ya fara fari daga gindi. Na zauna a ƙasa dirshan. Gonata ta Wurno ta tafi, wannan na sani, amma abin da na fi gani a idona shi ne ɗakin da aka tsare wancan mutumin.

Mutum ɗaya ya faɗo mini a rai: Malam Yohanna, mutumin Zuru, wanda ya koyar da kimiyya a Wurno shekaru da yawa kafin ya koma Achida da zama. Yakan kawo ɗalibai bakin magudana su ɗebi ruwa a kwalabe, ni kuma ina yi masa ba'a, ina cewa ya tambaye ni kawai ya huta. Lambarsa tana wayata. Na faɗa masa komai ban rage ba, ina jiran ya rama dariyar. Bai yi ba.

"Sahabi, ka daina zubawa yanzu-yanzu. Ka ji? Injin gishirin nan ba ya tsarkake ruwa. Musanya kawai yake yi, ya cire abin da ke sa ruwa nauyi ya sa gishiri a gurbinsa. Sauran duk suna nan. Gona ce kewaye da rijiyar, ko ba haka ba? To takin da ka yi ta kwasa yana cikin ruwan. In akwai bututun tagulla a gidan, shi ma yana ciki."

"Malam, ruwan hwa garau shike. Na ɗanɗana."

"In ka narka sukari a ruwa, kana ganinsa? Alif laka yake kwantarwa, ba ya taɓa abin da ya narke. Shi kansa narkewa yake yi, ya ƙara wa ruwan tsami. Cikinka zai ɗauka, nasu ba zai ɗauka ba. Harshenka na shinkafa ne, Sahabi. Ka bi mitar."

Ya ce in nemi sababbin kayan cikin kwalaben duka huɗu, da ruwan da aka turara wanda ake sayarwa a jarka, in yi amfani da shi kafin na'ura ta tashi. Ya ce kada in kuskura in canja ruwan akwatin gaba ɗaya, firgitar za ta kashe su. Kashi ɗaya cikin biyar a kowane karo. Da zai kashe waya ya ce zai sa ni a addu'a, na ce na gode, kuma har zuciyata na faɗa.

Sai da muka shiga birni, ni kuwa ba ni da katin zama a hannu, yana wajen Mudir tare da fasfo. Baba Ummaru ya ɗauko mota ya ce in zauna baya in rungume na'urar a cinya. A shingen hanya wani ɗan sanda ya leƙo ya miƙo mini hannu. Katin zama yake nema. Baba Ummaru ya yi ta zuba masa Larabci yana nuna na'urar yana kiran sunan Mudir. Mutumin ya daɗe yana kallona, sannan ya buga jikin motar. Muka wuce.

A shagon masu kifi wani ɗan Asiya ne ke tsaro, ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Na nuna masa hoton akwatin a waya. Ya dafe kai. Ya buɗe kwalaben a gabana: ta farko ta toshe da jar laka, ƙwayoyin ta huɗu sun koma ruwan ƙasa, alamar sun gama aiki. Ya sa sababbi, ya ƙara mini kwalba ta biyar a gaba don laka, ya ba ni ƙunshin gawayi in rataya a cikin akwatin. Sannan ya ɗauki takarda ya zana mini komai da hoto: duro, buhun gishirin teku, rana ɗaya ana juyawa, sai zubawa. Ya zana buhun gishirin injin wanka ya soke shi da jan biro har sau biyu. Da za mu fita ya dafa kafaɗata ya nuna kansa, ya ɗaga yatsu tara. Shekarunsa ke nan a shagon, ina tsammani.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina jinya. In tsoma mita a ruwan da ke ɗiga, in ga sifili, in sake tsomawa don kada idona ya yaudare ni. In haɗa gishiri, in bar shi ya kwana yana juyawa, in gwada ɗuminsa, in zuƙe na ciki da tiyo in zuba sabo a hankali. Ruwan da na'urar ta fara fitarwa bayan gyara ma zubar da shi na yi, ni da ke jin haushin zubar da ruwa. A rana ta biyar wani ɗan jan murjani a kusurwa ya buɗe. A ta takwas kusan duk sun buɗe. Reshen kore dai bai dawo ba, farin yana hawa sama. Na yanke shi da filaya kafin ya ci sauran, na jawo wani dutse na rufe gurbin, na tura mataccen reshen ƙarƙashin katifata.

Mudir ya dawo da azahar. Bai ko cire takalmi ba ya nufi akwatin. Ina tsaye a bayansa. Ya bi shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya durƙusa, ya miƙe. Ruwan kuwa bai taɓa yin haske irin na ranar ba, saboda sabon gawayi da sababbin kwalabe. Ya juyo yana dariya, ya rungume ni, ya yi magana mai tsawo. Na dubi Baba Ummaru. Baba ya dubi ƙasa.

"Baba, mi yac ce?"

"Ya ce bai taɓa samun mai hannu irin naka ba."

"Fasfona hwa?"

"Ya ce ba ya sakin ka. Za shi ƙara maka shekara biyu, ya ƙara maka albashi."

A gareji na sami Baba Ummaru yana goge madubin da ba shi da datti. Na ce masa ai alkawari aka yi, a gabansa. Ya ci gaba da goge madubin.

"Ni ma alkawali anka yi min. Uban wanga yay yi shi. Shekara biyu naz zo yi. Na iya tuƙi, ban taɓa ko ƙwarzane mota ba, kullum sai a ce bana ɗai, baɗi ka tahi. Shekara ashirin da shida ke nan."

Na wuce ɗakina na ɗaga katifa. Baba ya biyo ni, ya ga abin da ke hannuna, ya tare ƙofa.

"Kai, hankali! Ka manta abin da anka yi ma wancan?"

"Ban manta ba, Baba. Ba ni alif ɗinka, kuma ka zo ka yi min tahinta. Kada ka gyara min magana ko guda."

Mudir yana zaune yana shan gahawa gaban akwatin. Na ajiye farin reshen a kan tebur, na ajiye dunƙulen alif kusa da shi. Na faɗi yadda mita ta hana ni na ƙi ji, da kwana ukun da na yi ina zubawa, da dutsen da na jawo na rufe gurbin. Baba yana juya masa da Larabci. Mudir ya tashi ya leƙa bayan dutsen. Ya ɗauki reshen ya shinshina, ya ɗauki alif ya juya shi a hannu. Wayarsa tana kan tebur, idona yana kanta. Ya kai hannu, ya ɗauke ta, ya riƙe ta tsawon lokacin da ban san iyakarsa ba, sannan ya dubi akwatin da ke ta walƙiya ya ajiye.

Ya ce mutumin da zai zuba dutsen wanzamai a tekunsa kuma ya ɓoye, ba zai ƙara sati a gidansa ba. Ya buɗe wani akwatin ƙarfe a bango ya ciro damin fasfo ɗaure da roba. Ya zaro nawa ya jefo mini a ƙirji. A can ƙasan damin na hango wani tsoho, bangonsa ya koɗe, gefensa ya nannaɗe. Baba Ummaru ma ya gani, ya juya kai wajen kifaye.

Kwana huɗu bayan haka Baba Ummaru ya kai ni filin jirgi. Kafin mu fito na manna zanen ɗan Asiya a jikin na'urar, na rataye mitar kusa da shi don wanda zai zo bayana. A hanya na kira Garba.

"Yaya, kada ka ba Kawu. Gani nan tahe, jibi ina Wurno."

"Alhamdu lillahi. Ba a sako ba tukun. Ka yi sauri."

Baba ya tsaya inda ake sauke fasinja, ya fito da kansa ya sauke mini jaka. Na riƙe hannunsa na kasa saki.

"Baba, Rabah ba ta da nisa da mu. Wa za ni gaishe maka? Ba ni suna, har gida ni ka zuwa."

Ya buɗe baki, ya ɗaga ido yana lissafi, leɓensa yana motsi. Ya kira suna ɗaya ya ce a'a, wannan ya rasu. Ya kira na biyu ya girgiza kai. Mota ta yi masa ham daga baya.

"Tahi kada jirgi shi bar ka," in ji shi. Ya zare hannunsa ya koma mota, don Mudir yana da fita da la'asar.